Yaron da Tsayinsa Ya Tsaya: Yadda Ake Gano Ƙarancin Homon na Fituwitari da Aka Haife Shi da Shi

Yawancin yaran da ake kawowa asibiti a Kaduna saboda gajarta, lafiyar fituwitarinsu ƙalau. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Shi kuma ƙarancin homon ɗin girma, wato sinadarin da fituwitari ke sakawa cikin jini don yaro ya girma, ana ƙiyasta shi yaro 1 cikin 4,000 zuwa 10,000. Allura ce cikin ruwa, sai dai a nan ba rabo ke sa a ɗauka ba, bin matakai a jere ne. Wanda ya tsallake mataki ko dai ya sa iyaye asarar kuɗi a kan gwajin da ba zai faɗi komai ba, ko ya jefa yaron cikin haɗari.

Fituwitari 'yar tsoka ce da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Tana zaune cikin wani gurbi na ƙashi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wata siririyar igiya ta haɗa su. Ɓangarenta na gaba shi ke fitar da GH mai sa girma, da TSH mai ba tayirod (tsokar da ke gaban wuya) umarni, da ACTH mai sa a fitar da kotisol (homon ɗin da ke taimaka wa jiki jure rashin lafiya), da LH da FSH na balaga, da furolaktin na samar da ruwan nono. Ɓangaren baya yana sakin homon ɗin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. Ana iya haihuwar yaro babu ɗaya daga cikinsu, ko babu biyu, ko kusan duka. Gajarta ce ke fitowa fili, amma rashin kotisol ne ke kisa.

Awo tukuna

Tef ɗin tela da aka manna a bango a karkace ba abin awo ba ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi a kan allon awo, kuma sai mutum biyu: ɗaya ya riƙe kai ya jingina da katakon sama, ɗaya ya danne gwiwoyi ya turo katakon ƙafa har ya taɓa dugadugai. Daga shekara 2 a tsaye ake yi. A cire takalmi da hula da ɗankwali. Yarinyar da aka yi wa shuku, kitson kaɗai na iya ƙara mata santimita 1 ko 2, wato kusan rabin abin da ake nema a gani cikin wata shida. Ko a warware, ko a sa rana kafin a sake kitso. Dugadugai da ɗuwawu da kafaɗu su taɓa allon, a daidaita kai yadda ƙasan ramin ido da ƙofar kunne za su hau layi ɗaya. A auna sau uku a ɗauki matsakaici, in tazarar ta wuce rabin santimita a sake. A riƙa yi da safe, a kan allo ɗaya, domin mutum ya fi tsayi da safe fiye da yamma.

Shekarun ma sai an tabbatar. Yaro da yawa a gida aka haife shi, uwa ta ce maka "ya kai shida" alhali biyar da rabi ne. A duba katin rigakafi. In babu, a bi da lissafin Sallah da azumi da damina har a kusanci watan.

Daga nan sai jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya: na 2006 don 'yan ƙasa da shekara 5, na 2007 don shekara 5 zuwa 19. Gajarta ita ce tsayi ƙasa da layin -2 SD, wato mataki biyu ƙasa da matsakaici a jadawalin. Namiji ɗan shekara 5 matsakaicin tsayinsa santimita 110 ne, layin -2 yana kan 100.7, layin -3 kuma 96.1.

Mu ɗauki misali da za mu yi ta komawa kansa: yaro ɗan shekara 5, tsayi 94, nauyi kilo 15. Iyaye sukan ce "gado ne, kakansa ma haka yake". Wannan magana ana gwada ta da lissafi. A auna uba da uwa a wurin, kada a tambaye su, don ba mai rage wa kansa tsayi. Na namiji: tsayin uba da na uwa, a ƙara 13, a raba biyu. Na mace a cire 13. Uba 170, uwa 159, sakamako 171, da rangwamen kamar 8.5 sama ko ƙasa. Ɗan waɗannan iyayen wajen layin -1 ya kamata a same shi, shi kuwa ya faɗa ƙasa da -3. Gado bai isa ya bayyana wannan ba.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne saurin girma, kuma ba ya samuwa sai da awo biyu, aƙalla wata shida tsakani. Jariri kan ƙara kamar santimita 25 a shekarar farko, 12 a ta biyu, 8 a ta uku, daga nan 5 zuwa 7 kowace shekara har balaga. Ƙasa da 4 a shekara abin bincike ne ko a wane layi yaron yake. In yaronmu ya dawo bayan wata shida yana 95.5, santimita 3 ke nan a shekara. Gajeren gado da mai jinkirin balaga suna tafiya gefen layinsu ba sa rabuwa da shi; mai rashin homon kullum ƙara nisa yake yi. Amma wata shidan nan ba a jira ta ga jariri mai faɗuwar suga, ko yaro mai ciwon kai da amai da raunin gani.

Abin da za a tambayi uwa

Jaririn da ba shi da GH yakan zo duniya da nauyi da tsayi daidai, domin girman cikin mahaifa bai dogara sosai da wannan homon ba. Alamun suna cikin kwanakin jego, kuma sai an tono su. "Maman yaro, da kika haife shi ya yi shawara? Ta wuce suna? Ta kai arba'in?" Shawarar da ta wuce mako biyu, musamman in kashi ya yi fari fitsari ya yi duhu, na iya zama ta rashin kotisol ko homon ɗin tayirod, ko da yake toshewar bututun matsarmama ce ake gaggawar kawarwa. "Ya taɓa shiɗewa ko jijjiga ba tare da zazzaɓi ba? Da asuba ne, kafin ya sha nono?" Wannan faɗuwar suga ce, wadda sau da yawa a gida ake ce mata iska. A tambaya ko ta ƙafa ya zo, ko haihuwar ta yi wahala. A tambaya ko wanzami ko ma'aikacin da ya zo kaciya ya ce gaban ya yi ƙanƙanta. A tambayi yawan shan ruwa da fitsari, har da tashi cikin dare neman randa.

Auren zumunci ba a tsallake shi. Nau'in da ke zuwa ta lahanin ƙwayar gado mai suna PROP1, wanda ya fi yawa a iyalan da aka samu fiye da yaro ɗaya, sai uwa da uba duk suna ɗauke da lahanin, kuma kowane ciki damar 1 cikin 4 ce, kamar sikila. Don haka a tambayi 'yan uwa: akwai wani gajere, ko wanda bai balaga ba, ko jaririn da ya rasu a makonnin farko ba a san dalili ba?

Tambaya ta ƙarshe sai an yi ta da dabara, ba da faɗa ba: me aka ba shi don ya yi ƙiba? "Sha ka fashe" da ake saye a kemis sau da yawa deksametason ne ke ciki, haka wasu mayukan ƙara haske suna ɗauke da sitiroyid. Waɗannan suna tsayar da girma, suna kumbura fuska, kuma suna danne kotisol har gwaji ya nuna kamar fituwitari ce ta gaza.

Duba jiki

Ka'ida mai sauƙi: mai tamowa ko ciwo mai daɗewa nauyinsa ke fara zubewa kafin tsayi, sai ka gan shi gajere siriri. Mai matsalar homon gajere ne mai ɗan jiki, kitse a ciki da ƙirji. Yaronmu mai santimita 94 da kilo 15 ya ma ɗara matsakaicin nauyin tsayinsa. Fuskar ta fi shekarunsa yarinta, goshi ya turo, karan hanci ya lotsa, murya siririya, haƙora sun makara, amma gaɓoɓi daidai suke da gangar jiki. In hannaye da ƙafafu ne suka gajarce kai ya yi girma, wannan ciwon ƙashi ne irin na wadanni, ba na fituwitari ba. Turowar goshi ita kaɗai ba hujja ba ce a nan, sikila da laushin ƙashi duk suna kawo ta.

A bi tsakiyar fuska da kyau: tsagar leɓe ko ganda, haƙorin gaba guda ɗaya tal a tsakiyar sama, idanu masu rawa, ko jaririn da ba ya bin haske. Tare fituwitari da jijiyoyin gani da tsakiyar fuska suke ginuwa a ciki, shi ya sa lahanin ɗaya ke nuna ɗaya. A namiji a laluba maraina ko sun sauko. Awon azzakari: a miƙe shi, a danna rula har ƙashin mara, a karanta a kan kai ba a kan loɓa ba. Ƙasa da santimita 2.5 a jaririn da ya cika wata tara abin turawa ne, kuma a dakatar da kaciya sai likita ya gani. A manyan yara a duba balaga: mace 13 babu alamar nono, namiji 14 maraina ba su kai mililita 4 ba, jinkiri ne.

Gwajin farko, masu araha

Kafin a taɓa homon ɗin girma a kawar da abin da ya fi yawa: ƙidayar jini da gwajin sikila, ESR (gwajin kumburi a jiki), aikin ƙoda da gishirin jini, aikin hanta, kalsiyam da fosfet da ALP (gwaje-gwajen ƙashi), fitsari da bayan gida, ƙanjamau, da binciken tarin fuka in da dalili. Laushin ƙashi na ƙarancin kalsiyam sananne ne a wasu ƙauyukan da ke kewaye da Kaduna da kuma Jos; a duba kaurin wuyan hannu da ƙafafun da suka gwame ko suka yi baka. Duk yarinya gajeriya da ba a ga dalili ba a yi tunanin ciwon Turner, lahanin ƙwayoyin gado da ake haihuwar wasu mata da shi, ko da babu sauran alamunsa, a nemi gwajin kuromosom.

Hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu yana nuna shekarun ƙashi, ana kwatanta shi da kundin Greulich da Pyle. A rashin GH ƙashi kan yi baya da shekara 2 ko fiye. Sai dai tamowa da sikila da rashin tayirod da jinkirin balaga duk suna yin haka. Amfaninsa ya fi ta ɗaya gefen: in girma ya daɗe da tsayawa amma shekarun ƙashi sun yi daidai, da wuya GH ne.

Jerin homon, da dalilin jerin

Na farko kotisol, da ƙarfe 8 na safe. Ƙasa da 3 µg/dL, wato kamar 83 nmol/L, yana nuna rashi; 18 µg/dL ko 500 nmol/L zuwa sama yana kore shi, ko da yake sababbin na'urori suna da iyaka ƙasa da haka. Abin da ya faɗa tsakani sai gwajin Synacthen, allurar da ke tsokano kotisol a ga ko zai tashi. Jaririn 'yan watannin farko bai riga ya daidaita safe da dare ba, don haka awo ɗaya ba ya yanke hukunci.

Na biyu tayirod, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ana rubuta TSH shi kaɗai, ya dawo daidai, a ce lafiya lau. In fituwitari ce ta gaza TSH na iya zama ƙasa, ko daidai, ko ma ya ɗan hau. FT4, homon ɗin da tayirod ɗin ke fitarwa, shi ne ke faɗuwa. A rubuta su tare. In FT4 ya yi ƙasa kada a yi saurin ba da libotairoksin, maganin tayirod, sai an san matsayin kotisol, domin maganin yana hanzarta ƙone ɗan kotisol ɗin da ya rage, yaro ya faɗi jininsa ya sauka. Haidirokotison, maganin da ke maye gurbin kotisol, ake fara bayarwa, sannan na tayirod. Bayan an fara haidirokotison a sa ido kan fitsari: rashin kotisol kan ɓoye ciwon yawan fitsari na ɓangaren baya, sai an gyara shi ya bayyana. Fitsarin da ya wuce lita 2 a kowace murabba'in mita na jiki a rana, tsararo kamar ruwa, tare da sodiyam sama da 145, shi ne alamar. Gwajin hana ruwa a gadon asibiti kaɗai ake yin sa.

Na uku IGF-1 da IGFBP-3. Su ne sawun da GH ke bari a jini, kuma ba sa hawa da sauka cikin yini. A fassara su da shekaru da jinsi da matakin balaga. IGF-1 yana faɗuwa a tamowa da ciwon hanta da rashin tayirod, kuma a 'yan ƙasa da shekara 3 ko mai lafiya ma nasa ƙasa yake, shi ya sa IGFBP-3 ya fi amfani a ƙanana. In za a tura jinin Abuja ko Legas a raba ruwansa da wuri, a sanyaya, a rubuta ranar haihuwa da sa'ar ɗiba.

Abin da ba a yi: ɗiban GH haka kawai da rana. Lokaci-lokaci yake fita, mafi yawa cikin barci mai nauyi, tsakani kuwa ko a yaro mai lafiya kusan sifili ne. Jariri sabon haihuwa ne kaɗai ya fita daga wannan doka, don a makon farko GH a sama yake zama. Jariri mai faɗuwar suga da GH 5 µg/L ko ƙasa, tare da rashin wani homon ko lahani a hoto, ya isa hujja ba sai an ƙara gwaji ba. Saboda haka duk jaririn da sugansa ya sauka ƙasa da 2.6 mmol/L a ɗebi jini nan take kafin a ba da gulukos, muddin ɗibar ba za ta jinkirta magani ba: suga a kwalbar fuloraid, GH, kotisol, insulin. Wannan kwalba ɗaya ta fi gwajin wata guda. Haka a jariri namiji, daga wata 1 zuwa 3 LH da FSH da testosteron suna tashi na ɗan lokaci. In wata 6 ya wuce ba a auna ba sai kuma balaga.

Gwajin tsokano GH

Wannan aikin babban asibiti ne mai likitan yara da ya saba, irin asibitocin koyarwa, Barau Dikko a cikin gari ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Sharaɗi: FT4 ya daidaita, an san kotisol, yaro ba ya rashin lafiya. Ana yi da safe ba a ci komai ba tun dare. Wanda zai taso daga Kafanchan ko Saminaka ko Birnin Gwari a kwantar da shi tun jajibere. Yaron da ake zargin ba shi da kotisol ba a sa shi yunwa a mota. A sa kanula, a ajiye gulukos kashi 10 da haidirokotison na allura a gefen gado.

Ana ba da ɗaya daga magungunan da ke tsokano GH, sannan a yi ta ɗiban jini a ga iya tashinsa: kulonidin 0.15 mg a kowace murabba'in mita na faɗin jiki, ta baki. Faɗin jiki: tsayi a santimita sau nauyi a kilo, a raba da 3,600, a ɗauki tushen murabba'i. Yaronmu 0.63 ne, maganinsa kusan 0.1 mg. Jini a minti 0, 30, 60, 90, 120. Yana sa barci da saukar jini, kada ya tashi tsaye shi kaɗai. Arjinin 0.5 g a kowane kilo, iyaka 30 g, ta jijiya cikin minti 30, nasa 7.5 g. Gulukagon 0.03 mg a kowane kilo, iyaka 1 mg, a tsoka, nasa 0.45 mg, ana ɗiba har minti 180. Haɗarinsa a ƙarshe yake, suga kan faɗi bayan awa biyu zuwa uku, don haka ba sallama sai ya ci abinci an sake aunawa. Gwajin insulin, yunit 0.1 a kowane kilo, ko 0.05 in ana zargin rashin homon da yawa, sai suga ya sauka ƙasa da 2.2 mmol/L yake aiki. An rasa yara a kansa. Ba a yi wa ƙaramin yaro ko mai farfaɗiya ko ciwon zuciya. In suga ya faɗi a kowane gwaji, mililita 2 na gulukos kashi 10 a kowane kilo, wato 30 ga yaronmu, ba mai kashi 50 ba, don cika shi da yawa ma yana kisa.

Ana son gwaji biyu daban-daban, domin yara masu lafiya da dama ba sa amsa guda ɗaya. Iyakar da aka daɗe ana bi ita ce ƙololuwa ƙasa da 10 µg/L. Wurare da yawa yanzu sun koma wajen 7, gwargwadon na'urar. Ƙiba tana danne amsa. Namiji da ya wuce 11 ko mace da ta wuce 10 ba su fara balaga ba, a share musu fage da estiradayol, homon ɗin balaga na mata, 2 mg, ko 1 mg in nauyi bai kai kilo 20 ba, daren jiya da na shekaranjiya kafin gwaji. In ba haka ba mai jinkirin balaga zai fito kamar marar GH. Yaron da girmansa ya tsaya, hotonsa ya nuna lahani, kuma an tabbatar da rashin wani homon, ba lallai ne a wahalar da shi da wannan gwaji ba.

Hoto da ido

MRI ake nema, a rubuta ƙarara cewa na fituwitari ne, yanka sirara milimita 2 zuwa 3. Hoton ƙwaƙwalwa na gama-gari kan wuce ta. Abubuwa uku ke nuna na haihuwa ne: ɓangaren gaba ƙarami, igiyar ta sirance ko babu ita, ɗigon haske na ɓangaren baya ya koma sama ba ya cikin gurbinsa. Hoton kuma shi ke kore ƙari irin kiraniyofarinjiyoma, wanda ba a fara allurar GH sai an tabbatar babu shi. A PROP1 tsokar na iya kumbura ta yi kama da ƙari daga baya ta motse, abin lura kafin a yi maganar tiyata. In za a sa yaro barci don hoton kuma ba shi da kotisol, a ba shi haidirokotison na kariya, 50 zuwa 100 mg a kowace murabba'in mita. Mai rawar ido ko raunin gani a tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna a duba ko jijiyar gani ta tsumbure.

Sakamakon yau ba na dindindin ba ne. Yaron da aka samu GH kaɗai ya rasa, musamman mai yankakkiyar igiya ko PROP1, na iya rasa TSH bayan shekaru, ACTH kuma wani lokaci sai ya girma. Allurar GH ita kanta tana iya tono rashin tayirod ko kotisol da ke ɓoye. A maimaita FT4 da kotisol na safe bayan fara allura, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, a auna tsayi duk wata 3 zuwa 6 a kan allo ɗaya, a rubuta wa iyaye kowane awo da kwanan watansa a katin da za su riƙe a hannunsu, a kuma ce su kawo ƙannensa a auna su.